Layi Ɗaya da Fadamar Inna Kulu

Duk bayan wata uku sai an turo mini sabbin matasa daga wuraren koyon kwamfuta na nan Gusau, wai su ga yadda ake aiki. Ba a kwana biyu sai ɗayansu ya leƙo ta bayana, ya ga na rubuta layi huɗu ko biyar manhaja ta ajiye hoto da murya, ya ce, "Malam Lawali, ashe aikin ba wuya. Ai laburare ke yin komai." Ba na musu da shi. Laburare a sana'armu tarin ayyuka ne da wasu masu rubuta manhaja suka riga suka gama suka ajiye, kai kuma ka ɗauko ka jona da naka, kuma gaskiya yana rage wahala. Amma ku da kuka zo wannan karon, kallon kitse kuke wa rogo. Ku ajiye wayoyinku ku saurara, don abin da zan faɗa ba ya cikin takardun da aka ba ku.

Aikin farko da na yi da hannuna rajistar ɗalibai ce ta wata makarantar firamare. Lokacin ina koyo a wurin Malam Isiyaku, wani dattijo mai shago kusa da tasha, wanda ya yi shekaru yana kula da kwamfutocin wani kamfani kafin kamfanin ya rufe. Kayan aikinsa ba yawa: kwamfuta ɗaya mai ƙaton ƙeya, batirin da ke kuka in an ɗauke wuta, jan biro, da gwangwanin biskit cike da ƙananan faifai da ya naɗe da tsumma saboda zafi. Wata shida ban taɓa kwamfutar nan ba. A takarda nake rubuta manhaja, shi kuma ya bi ta da jan biro. In ya ga kuskure ba ya faɗa maka inda yake, sai dai ya ce, "Akwai ɓera a shahi na ukku," ya koma kan rediyonsa.

Rajistar ta yi aiki har shekara biyu. Sai makarantar ta sami sabuwar kwamfuta wadda ba ta da bakin sa faifai, ni kuwa na rubuta wa manhajar hanyar faifai a wuri sama da talatin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na canza, na tsallake biyu, sunayen 'yan aji huɗu suka ƙi fitowa ranar ba da sakamako. Malam Isiyaku ya duba rubutun ya girgiza kai.

"Manhajar ga taka ta cika sa ido," in ji shi. "Mi ya kai ta sito? Sa mata mai sito guda. Ta miƙa mai kaya, ta hwaɗi suna, ta tahi abinta."

Abin da ya koya mini ke nan ranar, kuma shi ne yau kuke samu a dafe cikin laburare, wanda a bakin aiki ake kira VFS. Ni har gobe mai sito nake ce masa. Manhaja ba ta zuwa wurin ajiya da kanta. Miƙa masa take yi ta ce, ajiye mini wannan da suna kaza, in tana so kuma ta ce ɗauko mini kaza. Shi ya san inda ya kai. Yana iya sawa a cikin na'urar, ko a memori, ko ya aika can wata kwamfuta mai nisa in akwai sabis. Yana kuma iya ƙin kaiwa ko'ina, ya riƙe a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke shafewa da zarar an rufe manhajar ko an kashe na'urar. Duk wanda ya yi cikin waɗannan, manhaja ba ta ganin bambanci. Layi ɗaya tak ke gaya masa inda zai kai kaya.

Wata ƙungiyar direbobi ta taɓa sa ni in yi musu manhajar rubuta sunayen fasinjoji, a nan na fara shan daɗin wannan tsari. Da farko a memori nake ajiyewa. Ba a yi mako uku ba wani ɗan kamasho ya zare memorin ya kai wa masu turi su zuba masa wa'azi, su kuma suka share komai don su sami wuri. Ya zo yana rantsuwa bai taɓa komai ba, ga muryar malami na tashi daga aljihunsa. Da a zamanin faifai ne da na kwana uku ina gyara. Layi ɗaya na canza, ajiya ta koma cikin na'urar, na ce masa ya je ya cika memorin da duk abin da ransa ke so. Mutanenmu ba sa ɓata abu da gangan. Amfani suke da shi yadda rayuwarsu ta ba su, aikinka ne ka san rayuwar.

Sai shekarar da hanyoyi suka lalace, kuma ba kwalta nake nufi ba. Mutanen ƙauyuka da yawa suka bar gonakinsu suka shigo gari, wasu suka zauna a wurin dangi a Bungudu, wasu a Tsafe, wasu nan Gusau. Wanda ke neman inda zai shimfiɗa tabarma ba ya neman manhaja. Aiki ya tsaya cak. Na koma canza fuskar waya da ceto hotunan biki daga memorin da ya lalace, ni da na saba a kira ni injiniya. Ban ji kunya ba, amma na ji tsoron hannuna ya manta da sana'ar, don haka kullum da safe sai na rubuta wani abu ko da ba mai saye.

Da abubuwa suka ɗan lafa a wasu wuraren, mutane suka fara komawa, sai wata sabuwar rigima ta taso. Gonar da ta yi damina uku ba a noma ba, iyakarta ɓacewa take yi. Ruwa ya cinye kunyoyin gona, an sare itatuwan da ake shaida da su, duwatsun iyaka sun nutse. Wata ƙungiyar manoma ta zo mini da buƙata: manhajar da ma'aikatansu za su riƙa zagaya gona da ita, su ɗauki hoto, su ɗauki muryar dattawan da suka san iyaka, a kunna a gaban mai gari in an zo sulhu. Suka sayi kwamfutocin hannu guda huɗu. Ni na koyar da ma'aikatan, kuma ni da bakina na ce musu, da kun gama aiki ku kashe na'ura gaba ɗaya, don caji a ƙauye ba abin wasa ba ne.

Ga inda na yi ɓarnar. In kana gwajin manhaja, kana gaya wa mai sito ya riƙe komai a ƙwaƙwalwar wucin gadi, don gwajin ya yi sauri kuma kada ka cika na'ura da tarkace. Kowa haka yake yi, ba laifi ba ne. In ka gama sai ka mayar da layin nan. Ranar wata Litinin da safe na yi wa manhajar ƙaramin gyara, motar ƙungiya na ƙofar shagona direba na ta danna oda, na zuba sabon zubin a na'urori huɗun nan na miƙa. Na gwada ɗaukar murya ta ɗauku, na gwada saurare ta fito. Layin ne ban mayar ba. Sauri ya haifi nawa.

Ɗaya daga cikin na'urorin ta tafi da Malama Saratu, ma'aikaciyar ƙungiyar, mace mai natsuwa 'yar Bungudu, zuwa wani ƙauye gaba da Kekun Waje. Aikin da ya kai ta ba ƙarami ba ne. Wata tsohuwa ce, Inna Kulu, mijinta ya rasu suna gudun hijira, ta dawo da jikoki ta tarar maƙwabcin gonarta ya shiga rabin fadamar da take shuka shinkafa. Shi ya ce iyakar ke nan tun asali. Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya ga ranar da aka raba wurin, wani tsoho da ake kira Baba Nomau, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. An sha wuya kafin ya yarda a ɗora shi a amalanke a kai shi fadamar. Da aka isa, a gaban ɓangarorin biyu, ya ce, "Ni ban magana biyu. Ku kunna ƙarhenku in hwaɗi sau guda. Wanda bai ji ba, shi tambayi ƙarhen." Ya faɗa, aka mayar da shi gida. Mai gari ya sa ranar Alhamis don a saurara a yanke.

Ku gane abin da ke nan. In muryar nan ta ɓace, ba a sake ɗaukarta. Tsohon ba zai maimaita ba, ko ya maimaita ma maƙwabcin zai ce ta farko ba ta yi wa ƙungiya daɗi ba ne aka share, aka je aka koya wa tsoho wata. Daga nan fadamar ta tafi ke nan, da abincin jikokin Inna Kulu a ciki.

Ni duk ban san ɓarnar da na yi ba. Ranar Talata da hantsi ina Tsafe, na je duba wani ma'aikacin, Malam Murtala. Ina sauka daga mota ya tare ni da na'urarsa.

"Malam Lawali, abin ga naka na da aljanu. Jiya gona huɗu na zagaya, na ɗauki maganar masu su, na ji ta da kunnena. Yau da sahe na kunna, wayam."

"Ka kashe ta jiya?"

"Awo. Ba kai kac ce mu riƙa kashewa ba?"

Ban ma buɗe laftof ɗina ba na san abin da ya faru. Na buɗe dai don in ga laifina da idona, ga layin yana nan yadda na bar shi. Gonakin Murtala ba su dame ni ba, masu su na nan da rai da lafiya, ba kuma rigima a kansu, ana iya sakewa. Na kira sauran ma'aikata biyu, duk ba su fara aiki ba. Da na tuna inda Saratu ta tafi, sai na zauna kan bencin mai shayi ba tare da na yi masa sallama ba.

Na kira ta ya fi sau goma. Ƙauyen nan ba sabis sai an hau wani tudu a bayan makaranta. Na tura saƙo, kada ki kashe, kada ki rufe manhajar, ina hanya, saƙon ya tsaya a wayata bai tafi ba. Kuma ina yi ina sane da cewa aikin banza nake. Saratu ba ta tsallake umarni. Cikin su huɗun ita kaɗai ce ta rubuta duk abin da na faɗa a littafi ranar koyarwa. In akwai wanda zai kashe na'ura da zarar ya gama aiki, ita ce.

Duk da haka na tafi, don zama ba zai yiwu ba. Motar Gusau saura mutum uku ta cika, na ce wa direba ya tashi, kujerun na wuyana. Kowane shinge sai an tsaya, kowace tsayawa sai na duba waya. A Gusau ban biya ta shago ba, na faɗa motar Bungudu, daga can na hau kabu-kabu, mai babur ɗin yana ta ba ni labarin farashin taki ina ce masa haka ne. A hanya na shirya abin da zan faɗa wa tsohuwar. Na juya maganar ta kowace fuska ban sami mai daɗi ba.

Mun isa bayan azahar. Na tarar da Saratu a zauren gidan Inna Kulu tana cike takardu. Ta ɗago da mamaki.

"Malam, lahiya? Kai da ke Tsahe?"

"Ina na'urar?"

"Tana ɗakin Inna. Ta hana ni ita."

"Kin kashe?"

"Ina fa na ga ta kashewa! Don Allah ka yi haƙuri, Malam, na san ka hana. Tun jiya muke abu guda. Na yi bayani har na gaji, tac ce ba a kashe ta a gidanta. Tsohuwa ta, ban iya ja da ita. Sau biyu tana aikawa wurin mai caji a kawo fawa banki."

Wallahi ban taɓa jin daɗin a saɓa mini ba irin na ranar. Na jingina da bango na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga, Saratu na kallona kamar na zautu.

Aka yi mini iso. Inna Kulu 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta ɗora na'urar a kan faifan kaba bisa tukunyar ruwa don wurin ya fi sanyi, ta jona fawa banki, ta rufa musu mayafi saboda ƙudaje. Na ɗaga mayafin a hankali. Fuskar na'urar na haske, manhajar a buɗe, ga sunan Baba Nomau da hotuna goma sha ɗaya.

Bayan mun gaisa ta ce, "Kai na mai ƙarhen? Ɗiyag ga cewa takai in bari ta kashe, wai magana ta shiga ciki. Nac ce ciki ina? Nuna min. Ta kasa. To ni abin da ba a iya nuna min wurin da yake, ban yarda an ajiye shi ba. Hatsi in yana rumbu, ai ana buɗewa a gani."

Na ce, "Inna, ke ke da gaskiya. Ba a ajiye ba. Da an kashe, da ta tafi. Kuma laifina ne, ba na Malama ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Saratu ta ce, "Kin ji ko?" Sannan ta gyara zama don ta ga abin da zan yi.

Yanzu ga aikin, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Ba dama in zuba gyararriyar manhaja, don zubawar kanta sai ta rufe wadda ke buɗe. Ba dama in fita in shiga wata manhajar in tura, don na'urori masu araha irin waɗannan kan kashe abin da aka bari a baya su sami wuri. Duk abin da zan yi sai daga cikin manhajar, tana a buɗe. Allah ya taimake ni, tun farkon aikin na sa wani maɓalli na kwafe komai zuwa memori, saboda wuraren da ba sabis. Har na so in cire shi don ba wanda ke amfani da shi, ƙyuya ta hana ni. Maɓallin nan ba ruwansa da inda kaya suke. Mai sito yake tambaya, ba ni kaza, ya miƙa wa memori. Tsarin da ya ɓoye mini kuskurena shi ne kuma ya ba ni ƙofar fita.

Ban yarda da sabon memori na bakin hanya ba, da yawansu ƙarya suke game da cikinsu. Na wayata na zare, wanda na sani shekara da shekaru. Bakin sa memori na na'urar a gefe yake, ba a ƙarƙashin batir ba, na gode wa duk wanda ya ƙera ta haka. Na ari allura wurin Inna na buɗe murfin, na tura memorin da bismilla, na jira na'urar ta gane shi. Na danna maɓallin. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali, ya kai rabi ya tsaya. Inna Kulu ta matso tana leƙe. Muryar ce mai nauyi, ita ta tsayar da shi. Can ya motsa, ya ƙarasa.

Ban yi murna ba tukuna. Na zare memorin na sa a laftof, na kunna muryar daga farko har ƙarshe, minti arba'in da wani abu, muna zaune mu uku muna sauraren tsoho yana lissafa tsamiya da tsohuwar rijiya da bakin kwazazzabo. Na kwafa a laftof, na kwafa a wayar Saratu. Sai a lokacin na ji yunwa, na tuna ban karya ba. Na gyara layin nan ɗaya, na zuba manhajar, na mayar da shaidar cikin na'urar yadda ya kamata tun jiya.

"An gama, Inna. Yanzu ana iya kashewa."

"To kashe mu gani."

Kwafi uku gare ni, amma sai da na sake duba su. Shekaruna sama da ashirin a sana'ar nan, na gwada manhajar ta kowace hanya, wannan gwajin ne kaɗai ban yi ba, kuma wadda ba ta taɓa riƙe biro ba ce ta sa ni. Na kashe. Zan kunna ta ce a'a, a bari ta huce. Sai da muka yi la'asar, aka kawo fura na sha, sannan ta ba da izini. Na kunna, na buɗe, na danna. Muryar Baba Nomau ta cika ɗakin.

"Awo," in ji Inna Kulu. "Yanzu an ajiye."

Washegari na je ofishin ƙungiyar na faɗi abin da na yi da bakina, na gyara sauran na'urorin, na koma Tsafe na bi Murtala muka sake zagaya gonakinsa huɗu a ƙafa. Ranar Alhamis kuma na koma ƙauyen, don Inna ta ce ni zan kunna. Aka taru a ƙofar gidan mai gari, aka saurara har ƙarshe ba mai tari. Da aka gama, maƙwabcin ya ce Baba Nomau bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, zai janye zuwa tsamiya. Mai gari ya yi addu'a, ya juyo ya yaba mini a gaban jama'a, wai irinmu ake so, masu ilimin da ba ya kuskure. Na sunkuyar da kai. Ta gefen ido ina hango Inna Kulu cikin mata, tana kallona.

Sai da zan hau babur ta aiko a tsayar da ni. Ta ƙaraso a hankali da sandarta, ta matso yadda ba mai ji.

"Ɗana, ban hwaɗa wa kowa kuskurenka ba, kuma ban hwaɗi. Amma gobe in tsohuwa tac ce ka nuna mata, ka nuna mata."